Babi na Biyar: Wayarin Tsohuwar Fijo, a Gyara ko a Sake?

Duk Fijo 504 da ta rage tana yawo tsakanin Kawo da Unguwar Rimi ta ba shekara ashirin baya ko ta kusa, wasu kuwa sun doshi hamsin. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa. Masana'antar PAN da ke Kakuri, a ƙetaren kogin Kaduna, ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa kanta ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai, direbobin haya suka mai da wagon ɗinta sarauniyar hanyar Kano da Jos, a-kori-kurarta kuma har gobe tana dakon buhuna zuwa kasuwannin ƙauye. Waɗanda suka rage a hannun tsofaffin ma'aikata, da 'ya'yan da suka gaje su, da masu neman abinci da su, an sha sauke musu inji, an sha yi musu fenti, an sake kujeru. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne damin wayoyin da ke naɗe cikin baƙin salatif, ya taso daga batir ya ratsa bayan dashbod ya bi gefen ƙofofi har fitilun baya. Sai ran da fitila ta soma lumshewa, ko ƙaurin roba ya tashi, mai mota ya tsaya gaban mai wayarin da tambaya guda: a gyara, ko a zare duka a sake? Matsayina a wannan babi shi ne tambayar ba ta da amsa ɗaya ga mota sukutum. Wayarin ba ya tsufa tare, shekarun mota ba su ne hujja ba, kuma hukuncin da ya dace shi ne a bi shi sashe-sashe, a sake duk inda zafi da hannun mutane suka lalata, tun daga tushe har ƙarshe, a bar inda yake lafiya yadda kamfani ya ɗora shi.

Sai an san abin da ke tsufa a jikin waya kafin a fahimci dalili. Jan ƙarfen da ke ciki ba ya gajiya da ɗaukar wuta. In iska da ruwa ba su same shi ba, zai shekara ɗari yana aiki. Rigarsa ce ke mutuwa. Robar PVC da aka lulluɓe wayoyin motocin wancan zamani da ita asalinta abu ne mai tauri, sai an cuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo take laushi. Zafi yana korar wannan sinadari sannu a hankali, fetur da baƙin mai suna wanke shi, har robar ta koma ga taurinta na asali, ta bushe, ta tsattsage. An yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 105 ba, gwargwadon irinta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar Kaduna kanta ke haura digiri 35, motar da ta maƙale a cunkoson Kasuwar Bacci ko kan Titin Ahmadu Bello tana dafa duk wayar da ta ratsa kusa da bututun hayaƙi a ƙarƙashin bonet. Wannan wayar da 'yar'uwarta da ke kwance ƙarƙashin kafet ranar haihuwarsu ɗaya, amma ɗaya ta yi shekara arba'in a bakin wuta, ɗaya ta yi su a inuwa. Gwajin kuwa ba ya bukatar na'ura. A kwance salatif a wurare uku ko huɗu, a lanƙwasa waya a kan yatsa. Wadda ta lanƙwasu ta dawo tana da sauran rai. Wadda ta yi ƙas, ko ta nuna tsaga, ta ƙare, kuma duk na kusa da ita da suka sha zafi iri ɗaya sun ƙare, ko da ba su nuna ba tukuna.

Mafi yawan abin da masu mota ke kira lalacewar wayarin ma ba a tsakiyar waya yake ba, a bakinta yake, wurin da ta haɗu da soket, ko gidan fis, ko kusoshin da aka ɗaure ta da jikin mota. Daminar Kaduna doguwa ce, daga Mayu har Oktoba, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina ta zauna, in ruwa ya zo ta riƙe danshi. A nan jan ƙarfe ke yin kore, bakin soket ya saki, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Kuma da yake ƙarfen jikin motar shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, tsatsa a ƙarƙashin kusa guda tana iya haifar da abubuwan da ke kama da aikin aljanu: a taka birki fitilar sigina ta kama, a kunna fitila allurar zafin inji ta hau. Asarar da ake yi a irin waɗannan wurare ba ƙarama ba ce. Ƙwan fitilar gaba in ya rasa kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar da ya kamata ya samu, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Direban da ke kukan ba ya gani da dare a hanyar Zariya sau da yawa ba sabon wayarin yake bukata ba. Yana bukatar wanda zai zauna yini guda ya kwance kowane soket, ya goge, ya matse, ya kankare tsatsar wuraren ɗauri. Wanda ya zare wayarin mota gaba ɗaya saboda wannan ya zubar da kuɗinsa, ya kuma zubar da waya mai kyau.

Akwai shaida daga wata motar da 'yan Najeriya suka sani sarai. A farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu, kamfanin Mercedes-Benz ya yi amfani da wata irin roba a wayarin ɗakin injin motocinsa da yawa, har da waɗanda ake kira bi-but a nan. Cikin shekara goma zuwa sha biyar robar ta riƙa marmashewa tana zubewa, wayoyi suna taɓa juna tsirara, babu magani sai sake damin gaba ɗaya. A daidai lokacin, yayyensu na ƙirar 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980 suna ta aiki da wayarin da suka fito da shi. Da shekaru ne ma'auni, da tsofaffin ne za su fara faɗuwa. Wani abin lura kuma, ko a waɗannan motoci masu matsala, ɗakin inji ne ya fi cin wuya, inda zafi yake.

Babban abin da ke kashe wayarin tsohuwar mota a garinmu, a ganina, hannun mutane ne. Fijo 504 ta fito da bukatar wuta kaɗan: kwayil, fitilu, hon, abin share gilashi, fanka, da fis 'yan kaɗan da za a ƙirga da yatsu. An auna kaurin kowace waya daidai da kayan da za ta ɗauka. Daga baya kowane mai ita ya ƙara nasa: rediyo mai manyan sifiku, hon irin na tirela, fitilun hazo, na'urar hana sata, wurin cajin waya, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 wasu sun ƙara kayan gas masu nasu wayoyin. Dubi ƙwan fitila kaɗai. Mai wat 55 yana jan amfiya 5 ba kaɗan. Mai wat 100 da ake sawa don a ƙure hasken mai tahowa yana jan fiye da 8. Zafin da ke taruwa a cikin waya kuwa ba ninki biyu zai yi ba, ya haura ninki uku, domin yana hauhawa ne da adadin wutar a ninka shi da kansa. Duk wannan yana bi ta cikin siririyar waya da makunnin da aka yi don ƙaramin ƙwai. In fis ya ƙone, wanda aikinsa ke nan, ya mutu don waya ta rayu, sai a naɗa masa zaren jan ƙarfe ko takardar kwalin taba, a ce an gyara. Daga ranar nan wayar ce ta zama fis. Sannan ga yadda ake haɗin: a fere roba da reza, a murɗa sabuwar waya a kai, a naɗe da salatif ɗin da zafi zai sake cikin wata biyu. Mai mota ya ce, “Oga, yi mini dabara in kai gida,” mai wayarin ya ce, “Alhaji, zai kai ka,” kuma dabarar ta zauna shekara goma.

Asarar da ta fi wannan girma ita ce ta taswira. Kamfanin Peugeot ba ya dogara da launi kaɗai wajen bambanta wayoyinsa. Lamba yake bugawa a jikinsu, lambar da ta dace da ta cikin zanen littafin gyara. Muddin lambobin suna nan, kowane mai wayarin da ya san aikinsa, a Kurmin Mashi yake ko a Maraɗi, zai iya bin layi daga tushe zuwa ƙarshe. Duk yankan da aka yi aka jona jar waya maras lamba, an goge wani yanki na wannan taswira. In aka kai matsayin da wayoyin jone suka fi na asali yawa, babu mai iya cewa ga inda wuta ke bi, har wanda ya yi aikin da hannunsa. Saboda haka tambaya ta biyu bayan gwajin lanƙwasa ita ce: nawa ne ya rage na tsarin kamfani? Damin da robarsa ke da laushi amma an daddatsa shi wuri ashirin ya cancanci a sake shi, daidai da wanda zafi ya busar.

Dole a faɗi abin da ake gudu ƙarara, domin ba maganar fitila mai lumshewa ba ce kawai. Batir mai bolt 12 ba ya kashe mutum in ya taɓa shi, wannan ya sa ake raina shi, amma yana iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda in waya tsirara ta taɓa jikin mota. Cikin daƙiƙu waya ta yi ja, robarta ta kama, ta kunna maƙwabtanta a cikin dami. A motocin wancan zamani akwai layukan da babu fis a kansu sam, kamar babbar wayar da ke tsakanin batir da kik da altaneta, wadda wuta ke cikinta ko an zare mukulli, ko motar na ajiye a gareji kowa na barci. A gefenta ga kafireta, ga tiyon fetur wanda shi ma ya tsufa. Harkar jiragen sama ta koyi wannan darasi da rayuka. A watan Yulin 1996 wani jirgin Boeing 747 na kamfanin TWA, mai shekara 25, ya tarwatse bayan tashinsa daga New York, mutum 230 suka mutu, masu bincike kuma suka karkata ga cewa haɗuwar wuta a wayoyi ce ta kunna tankin mai. Binciken tsofaffin jirage da ya biyo baya ya nuna abubuwa biyu da suka shafi mai Fijo kai tsaye: tsohuwar waya tana lalacewa gwargwadon wurin da take, kuma yawan taɓa ta da jan ta yayin wasu gyare-gyare yana cikin manyan abubuwan da ke raunata ta.

Daga nan hukuncin yake fitowa. Ɗakin inji, a motar da ta haura shekara talatin a zafin Arewa, kusan kullum sai an sake shi, kuma gaba ɗayansa, daga bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota har bakin kowace na'ura, haɗe da manyan wayoyin batir da wadda ke ɗaure inji da jikin mota. Dogon layin da ke tafiya baya ƙarƙashin kafet yawanci lafiya yake, sai dai a duba inda yake lanƙwasa a bakin but da inda ya ratsa hujin ƙarfe, a mayar da robar bakin huji in ta faɗi. Bayan dashbod shi ne wurin da ke bukatar natsuwa, domin robarsa kan yi laushi amma nan ne aka fi yi wa ɓarna. A cire duk abin da aka jona, a maye kowane layin da aka yanka da waya guda mai kauri ɗaya da ta asali, a rubuta mata lambarta. Magini ba ya rushe soro don ɗaki ɗaya na yoyo, amma azarar da gara ta cinye ba a yi mata yaɓe, zare ta ake yi.

Mai hali zai ce wannan duk wahala ce: a zare komai, a sa sabo, hankali ya kwanta. Maganarsa tana da ƙarfi, kuma akwai inda ita ce daidai. Motar da wayarinta ya taɓa kamawa da wuta, zafi ya riga ya bi cikin dami ya narkar da robar wayoyin da ido ba ya gani. Motar da ambaliya ta shanye, irin wadda kan shafi Kigo Road da Rafin Guza in kogi ya cika, ruwa ya shiga tsakanin zaruruwan jan ƙarfe, kore zai ci gaba da cin su daga ciki shekara da shekaru. Haka wadda ta daɗe a ajiye ɓeraye suka yi gida a cikinta. Waɗannan babu ja, a sake duka. In ba haka ba, sai a tambayi mai wannan ra'ayi: a sake da me, kuma wa zai yi? Wayar da PAN ta ɗora jan ƙarfe ce zalla, an yanka ta an matse bakinta da inji a masana'anta. A kasuwa yau akwai waya mai kyau, akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Tana da sauƙin kuɗi, tana da sauƙin nauyi, amma wutar da take ɗauka ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta gaske ba, tana karyewa da girgiza, bakinta yana saurin ruɓewa. In aka kankare zarenta da wuƙa fari ke bayyana. Akwai kuma mai kaurin roba da ƙaramin ciki. Wanda ya zare wayarin kamfani mai lafiya ya maye shi da irin wannan, duk launi ɗaya ko biyu, babu lamba babu zane, ya sayi matsala da kuɗinsa, kuma ya ɗaure kansa ga mutum ɗaya da ya san inda ya bi da kowace waya. Ga shi cire dashbod mai shekara arba'in yana karya robobin da ba a samun madadinsu. Damin gwanjo da aka ciro daga wata matacciyar Fijo a Panteka shi ma ba sabo ba ne, sa'ar wanda aka cire ne. Yana da amfani wajen samun soket da gidan fis na asali, kuma ya zama abin kwaikwayo wajen auna tsawo, amma dole a yi masa gwajin da aka yi wa na farko.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga direban a-kori-kura da motar ke ciyar da gidansa. Yini biyu a gareji a wurinsa yini biyu ne babu cefane, kuma kuɗin aikin na iya zama kaso mai tsoka na darajar motar kanta. Ba daidai ba ne a yi masa wa'azin inganci kamar bai san ciwon kansa ba. Amma ƙin faci bai taɓa zama matsayina ba. Abin da nake ƙi shi ne faci maras iyaka a kan wayar da ta riga ta mutu. Wayar da ke da rai ta yanke a wuri ɗaya, a haɗa ta da dalma ko a matse ta da maɗauri na ƙarfe, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, a ɗaure ta kada ta riƙa reto. Wannan gyara ne na gaske, zai kai ƙarshen rayuwar motar. Amma in roba ta bushe, duk jan da aka yi don gyara wuri ɗaya yana tsaga wani wuri kusa da shi, shi ya sa irin wannan mota ke komawa gareji kowane mako da sabon ciwo. In aka tara kuɗin waɗannan komawa, da batir ɗin da ke mutuwa kafin lokacinsa saboda caji ba ya isa gare shi, da kayan da suka kwana a hanyar Birnin Gwari don mota ta ƙi tashi, arahar ta gudu. Alherin bin aikin sashe-sashe shi ne ana iya raba shi gwargwadon aljihu. A fara da abin da ke hana gobara: a cire duk fis ɗin da aka naɗa wa waya a sa na gaske mai adadin da ya dace, a sa babban fis kusa da batir a kan layin da ke ciyar da sauran motar, a sake manyan wayoyi. Wata na gaba a sa rilay ga fitilun gaba da hon, yadda wutarsu za ta taso kai tsaye daga batir ta sabuwar waya mai kauri, tsohon makunni ya zama mai ba da umarni kawai. Sauran ɗakin inji ya biyo baya in hali ya samu.

Masu ajiye tsohuwar mota don tarihi, waɗanda ke son komai ya zauna yadda ya fito daga Kakuri, suna da tasu damuwar, kuma ina girmama ta. Amsar da zan ba su gajeriya ce. Sabuwar waya mai kaurin asali, mai lambar asali, da ta bi hanyar asali, ba ta rage wa motar komai ba, rilay da fis kuma ana iya ɓoye su inda ido ba ya kai.

Duk wannan ya rataya ne a kan wanda zai yi aikin, kuma Kaduna ba ta rasa gwanaye ba. Garin da ya harhaɗa 504 shekara talatin ya bar mutanen da suka san ta waya-waya, da almajiransu a garejojin Kurmin Mashi da Kawo da Tudun Wada. Ana gane na kirki tun kafin ya taɓa almakashi. Yana cire kan batir kafin ya fara. Yana auna asarar wuta da mita alhali fitila na kunne, maimakon ya riƙa goga waya a jikin ƙarfe yana kallon tartsatsi. Yana tambayar abin da aka ƙara wa motar tun fitowarta, yana kuma cire waya ɗaya ya maye ta kafin ya taɓa ta biyu. Mai mota yana da haƙƙin ya je a sayi wayar a gabansa, a kankare zarenta ya gani, ya kuma nemi a zana masa a takarda duk layin da aka ƙara da girman fis ɗinsa, domin mai wayarin da zai karɓi motar bayan shekara biyar ba lallai ne ya zama wannan ba. In an gama, kada a maida kan batir kai tsaye. A fara sa ƙwan gwaji tsakanin kan batir da wayarsa, komai na kashe. In ya kama da haske, akwai inda wuta ke zurarewa, sai an nemo shi. In bai kama ba, a ɗaure, a kunna na'urori ɗaya bayan ɗaya, a bar fitilu da fanka suna aiki minti goma sha biyar, sannan a bi soket-soket da gidan fis da bayan hannu. Duk wanda ya yi zafi, a kwance shi a sake matsewa kafin motar ta bar gareji.